Na'ura ba ta gan ta ba, to ina ta shiga?

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Ni tela ne a Tahoua, shekarata 34. Shekara huɗu ke nan, ranar da mai ɗakina za ta haihu aka ce ana son jini, na miƙa hannu, sai aka ce nawa ba zai yi ba, wai ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bayan awo iri-iri likita ya ɗora ni kan tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum. Sau biyu ana aika jinina Yamai, sakamako yana dawowa ba a ga ƙwayar cutar ba. Duk da haka likita ya ce kada in bari. Yayana ya ce in an ce babu to babu, kuɗina kawai ake ci, kuma ya san mai magani a kasuwa da ke wanke hanta cikin sati uku. Ƙanen matata da ke jami'a kuwa ya ce jikina ne ya ɗaure cutar ta yi barci, wai ana kiran abin epijenetik. Malam, in na'ura ba ta gan ta ba, ina ta shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai: gobe da safe ka sha ƙwayarka yadda ka saba, jibi ma haka. Bayani kuma ga shi.

Wasiƙarka ta mayar da ni gida. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin mutanen Ader masu tafiya bida Abijan. Wata shekara ya dawo cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa, ƙafafu sun cika. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka sai da awaki, kafin a kai shi asibiti hanta ta riga ta gama lalacewa. Bai cika arba'in da biyar ba. Ina lise a lokacin, kuma rasuwarsa na cikin abin da ya kai ni ɗakin awon jini, inda nake aiki a nan Yamai har yau. Don haka irin tambayarka ba na iya amsa ta a gurguje.

Na'urar da ta auna jininka tana ƙirga ƙwayoyin birus ɗin da ke yawo cikin jini ne kawai. Kamar mai tsayuwa bakin titi yana ƙirga masu wucewa, wanda ke cikin gida bai shiga lissafinsa ba. Hantarka an gina ta da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowane ɗaki yana da ƙurya, a ƙuryar nan ake ajiye kundin gado, wato ADN, wanda maƙwabtanmu na Najeriya suka fi sani da DNA. Da baƙaƙe huɗu kacal aka rubuta shi: A, C, G, T. Na ɗan Adam ya kai baƙi biliyan 3. Na birus ɗin hanta B kuwa wajen baƙi 3,200 ne, bai cika shafi guda na wannan mujalla ba.

Idan birus ya shiga ɗaki, sai ya kai ɗan rubutunsa har ƙurya. Yana zuwa ne a matsayin zobe da bai rufe ba. Masu gyaran ɗakin, waɗanda aikinsu shi ne ɗinke ADN ɗinka in ya tsinke, sai su ɗauka nasu ne ya yage, su cike giɓin, su rufe zoben ruf. Daga nan ya zama ɗan gida. Masana na kiransa cccDNA, mu a nan mu ce masa zobe. Wannan zoben shi ne amsar tambayarka. Yana can ƙuryar ɗakunan hantarka, inda allurar ɗaukar jini ba ta kaiwa.

Yanzu ga maganar surukinka. ADN ɗin da ke ƙurya ɗaya, in aka miƙe shi, ya kai mita biyu. Kai da ke aiki da zare ka san ba a barin zare mai tsawo haka a warware, dole a naɗe shi a kan kwarkwaro. Kwarkwaron jiki wasu furotin ne da ake kira histon. Inda aka naɗe zaren da tsauri, ba a iya karanta abin da ke wurin. Inda aka sassauta, ana karantawa. To zoben birus ma haka ake naɗe shi a kan histon ɗinka, tamkar naka.

Duk wanda ya zauna gaban allo ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san baƙi ɗaya yana iya fita da murya uku, gwargwadon wasalin da aka sa masa, in kuma aka ɗora masa ɗauri sai ya daina motsi. Baƙin bai sake ba, karatunsa ne ya sake. Epijenetik ilimin waɗannan wasulan ne. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1942, tun kafin a san siffar ADN. Wasulan jiki iri biyu ne manya. Akwai wanda ake ɗorawa kan baƙin kansa, wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil, da ke hawa kan C idan G na biye da shi, kuma yawanci aikin ɗauri yake yi. Akwai kuma waɗanda ake maƙalawa jikin kwarkwaro: asetil yana sassauta naɗi, wasu nau'in metil kuma suna ƙara tamke shi.

A kan zoben nan kokawa ake kullum. Ɗakin hanta yana ƙoƙarin ɗaure shi ya yi shiru, birus yana ƙoƙarin kwancewa. A 2006 masu bincike a Italiya suka duba ɗan yankin hantar marasa lafiya, suka tarar da waɗanda birus ya yi yawa a jininsu, histon ɗin zobensu cike yake da asetil, waɗanda ya yi ƙasa kuwa asetil ɗin ya ragu. A 2016 wasu a Jeneba suka gano wata dabarar birus ɗin da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Ɗaki yana da wani mai gadi, tarin furotin da ake kira Smc5/6, da ke danne zoben ya hana a karanta shi. Birus sai ya ƙera wani ɗan furotin, HBx, wanda ke kama mai gadin ya miƙa shi ga ma'aikatan ɗakin masu niƙa shara, su niƙe shi da hannunsu. In aka cire wa birus HBx, zobe yana nan amma kusan bebe ne. Wannan kokawar, haɗe da ƙarfin garkuwar jiki, na cikin dalilan da suka sa za ka ga mutum biyu da cuta ɗaya, ɗaya yana zaune shekara da shekaru ba ya ma buƙatar magani sai bibiya, ɗayan kuma hantarsa na ƙuna.

Saboda haka surukinka ya faɗi gaskiya, amma ba gaskiyar halinka ba. Shirun da ke jininka ba ɗaurin jikinka ba ne, aikin tenofobir ne. Da jikinka ya iya ɗaure zoben da kansa, da likita bai ɗora ka kan magani ba tun farko. Ka ɗauki zoben a matsayin littafin awonka, wanda ka rubuta tsawo da faɗin kowane mai ɗinki. Tenofobir ya cire wa keke allura, ba a fitar da sabuwar riga ko ɗaya. Amma littafin yana nan a aljihun tebur, ba shafin da ya ɓace. Ranar da aka mayar da allura, aiki zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ka duba takardun awonka, wurin da aka rubuta AgHBs, wato wani furotin da birus ɗin ke ƙerawa. In har yana nuna akwai, to ana nan ana karanta rubutun birus a hantarka. Wani ɓangaren rubutun ma yakan manne cikin ADN ɗin mutum ɗin kansa, ya zauna daram.

Abin da ke ba ni tsoro da shawarar yayanka shi ne abin da ke biyo bayan barin magani. Cikin makonni ko ƴan watanni birus yakan dawo, garkuwar jiki ta taso masa da ƙarfi, kuma fagen faɗan hantarka ce. Wasu sukan yi ciwon shawara mai tsanani, wanda hantarsa ta riga ta yi tabo kuma yana iya rasa ransa. Akwai waɗanda ake dakatar wa magani, musamman in AgHBs ya ɓace, amma ba su da yawa, likita ne ke yanke hukuncin, kuma ana bin su da awo a kai a kai. Ko wanda ya warke da kansa tun da daɗewa, sau da yawa zoben na nan a ɗaure. Shi ya sa in za a ba mutum maganin ciwon daji, wato kansa, ko magungunan da ke raunana garkuwa na dogon lokaci, ake fara auna shi, don ɗaurin yana iya kwancewa. A nan bari in ja kunnen ƴan'uwanmu mata masu sayen ƙwayoyin ƙiba a tebur: da yawansu kortikoyid ne, masu danne garkuwar jiki. Ga mace mai ɗauke da wannan birus, ba ta sani ba, wannan wasa da wuta ne.

Mai maganin kasuwa kuwa, ban raina saiwa da ganye ba, da su aka rene ni. Amma babu wani jiƙo da aka tabbatar yana shiga ƙurya ya fitar da zobe, kuma duk abin da ka haɗiye hantar nan ce ke ɗawainiyar tace shi. Kawuna ya sha irinsu har ya gaji. In kana son taimakon hantarka, ka nisanci giya, ka kuma guji gujiya da masara da suka yi funfuna, da ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gujiya. Funfunar na fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda in ta haɗu da birus ɗin B take ninka haɗarin kansar hanta.

Ba ka ce komai kan iyalinka ba, sai dai ni zan ce. A auna mai ɗakinka, in ba ta da shi a yi mata rigakafi. A auna yaran. Duk jaririn da za a haifa muku a nema masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, domin rigakafin penta da ake yi wa yara sai sun kai sati shida yake farawa. Dalilin gaggawar shi ne, cikin jarirai goma da suka kamu wajen haihuwa, kusan tara za su zauna da cutar har girma, alhali a manya ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ka riƙe askarka da abin yankan farcenka kai kaɗai, wajen wanzami kuma sabuwar reza. Cin tuwo a kwano ɗaya ba ya yaɗa ta, kada kowa ya ware maka kwano. Kuma ba kai kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022, kuma a shekarar ta kashe wajen miliyan 1.1.

Akwai abin sa rai. A ƙarshen 2024 aka ba da izinin fara gwada wani sabon magani a kan mutane a ƙasar Niyu Zilan, wanda aikinsa shi ne ya je har ƙurya ya ɗora metil a kan rubutun birus ɗin, wato a sa masa ɗauri da gangan. Gwaji ne tukuna, ba na kanti ba. Amma wanda ya tsare hantarsa yau shi zai iya cin moriyar irinsa in ya fito.

Yayanka ƙaunarka ce ta sa shi magana, kuma kuɗin ƙwaya da na awo ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai neman na yau. Kada ka yi musu da shi a gida. Ka roƙe shi ya raka ka ranar ganin likita, ya yi tambayarsa da bakinsa. In uwa ɗaya ta haife ku, shi ma ya kamata a auna shi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a shekara ta uku, sashen nazarin halittu, Jami'ar Abdou Moumouni. An koya mana metil kashe muryar gado yake yi. Sai na ji wai akwai birus da ba ya tashi sai an sa masa metil. Wanne zan riƙe?

AMSA: Ƴata, ki riƙe duka biyun. Metil alama ce, ma'anarta na hannun mai karantawa.

Labarin ya faro ne daga bakteriya, tun kafin a zo kan mutum. Bakteriya ma suna da birus ɗinsu masu cinye su, ana ce musu faj. A 1953 Giuseppe Bertani da Jean Weigle suka lura da wani abin mamaki: faj ɗin da ya girma cikin wani dangin bakteriya, in aka kai shi ga wani dangin, da ƙyar ƙalilan ke iya shiga. Amma ƴaƴan waɗannan ƙalilan ɗin sai su riƙa shiga sabon dangin ba wahala, kuma in suka koma tsohon gida suka hayayyafa, sai wannan ikon ya ɓace. Baƙaƙen ba su sake ba. Werner Arber, ɗan Suwis, ya bi diddigi har aka gane cewa kowane dangin bakteriya yana sa wa ADN ɗinsa metil a wurare na musamman, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa shaida, kuma yana da almakashi mai datse duk ADN ɗin da ya shigo babu shaidar. Faj ɗin da ya tsira, masu sa shaida sun riga almakashi isa gare shi ne. A kan wannan almakashin Arber ya samu kyautar Nobel a 1978 tare da Daniel Nathans da Hamilton Smith, kuma da shi ake yanka ADN a ɗakunan bincike har yau. Faj mai suna T4 ya ma wuce nan: ya sauya siffar duk C ɗinsa, ya lulluɓe su da sukari, almakashi da yawa ba sa kama shi. Kin ga a nan alamar ba bebantarwa take ba, takardar shiga gari ce.

Wanda kika ji labarinsa kuwa birus ɗin Epstein-Barr ne, kuma tarihinsa a Afirka ya fara. A 1958 wani likitan tiyata a Kampala, Denis Burkitt, ya bayyana wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga irin wannan ƙarin ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano birus ɗin a Landan a 1964. Fiye da tara cikin goma na baligai a duniya suna ɗauke da shi, yawancinsu lafiya lau. Yana shiga ƙwayoyin garkuwa nau'in B da ADN ɗinsa fes, ba metil. Sannu a hankali ɗakin ya bi shi da ɗauri, ya yi shiru, garkuwar jiki ta daina ganinsa, abin da yake so ke nan. Ranar tashi kuma yana da wani furotin, Zta, wanda a wurare da dama ya fi kama ADN mai metil fiye da marar metil. Don haka sai ɗaurin ya kammala sannan yake iya tashi ya ƙera ƴaƴa. Igiyar da aka ɗaure shi da ita, ita yake kamawa ya miƙe.

Ki kwatanta da birus ɗin sida, wanda ke dasa rubutunsa cikin ADN ɗin mutum. A 1997 aka tabbatar yana lafewa shiru cikin wasu ƙwayoyin garkuwa nau'in CD4 masu hutawa, inda magani ba ya taɓa shi, kuma an lissafa sai an yi fiye da shekara 70 ana shan magani kafin wannan maɓoya ta ƙare da kanta. A 2012 aka gwada borinostat, maganin da ke hana cire asetil, don a tashe shi a kashe. Ya motsa, amma maɓoyar ba ta ragu yadda aka so ba. Wasu yanzu sun juya suna neman yadda za a ƙara masa ɗauri har abada. A ganina wannan hanya ta biyu tana da hujja mai ƙarfi a jikinmu: kusan kashi 8 cikin ɗari na ADN ɗin ɗan Adam ragowar tsofaffin birus ne da suka shiga kakanni, kuma metil da tamkakken naɗi na cikin abin da ya riƙe yawancinsu shiru. In kina neman abin da za ki yi bincike a kai nan gaba, ki tuna ciwon hanta B da Epstein-Barr duk suna ɓarna sosai a yankinmu, kuma cibiyar binciken lafiya ta CERMES na nan cikin Yamai, ki je ki ƙwanƙwasa ƙofa.

TAMBAYA: Ni uwa ce a unguwar Boukoki. Ɗana mai shekara tara, duk sanda ya yi masassara sai ƙuraje su feso masa a leɓe, wuri ɗaya kullum. Kakarsa ta ce ciwon ne ke fita, a bar magani.

AMSA: Hajiya, a gaishe da Inna, amma kada a bar maganin masassara sai ya ƙare yadda aka rubuta. Ƙurajen ba zazzaɓin ne ke fita ba, wani baƙo ne daban zafin jikin ya tasa. Sunansa harpes nau'i na ɗaya, kuma kusan biyu cikin uku na mutanen duniya ƴan ƙasa da shekara 50 suna da shi. Tun shigarsa ta farko yake bin jijiya daga leɓe ya haura zuwa wani ƙullin jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa. A can ake naɗe ADN ɗinsa da tsauri a kan histon, ya kwanta kamar gaiwa cikin busasshen taɓo tana jiran ruwa. Zazzaɓi, zafin rana ko gajiya mai yawa sukan sassauta naɗin, sai ya biyo jijiyar da ya hau ya sauko, shi ya sa kike ganinsa wuri ɗaya. Yakan bushe da kansa cikin sati ɗaya zuwa kwana goma. Kada ya sosa ya taɓa ido, kada ya haɗa kofi da ƙannensa har ya bushe, kuma duk mai irin ƙurajen nan, yaro ko babba, kada ya sumbaci jariri sabon haihuwa, domin ga jariri cutar na iya kaiwa ƙwaƙwalwa. In ƙurajen suka kusanci ido, ko suka wuce sati biyu ba su warke ba, a kai shi likita.